Ranar da Inna Ta Bi Wancan Layin

Na ga zaɓuka da yawa a garin Bauchi, wasu ma sun cakuɗe mini a kai har ban iya rarrabe wanne ya riga wanne. Amma akwai ɗaya da ba zan taɓa mantawa da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Zaɓen ɗan majalisar wakilai ne na mazaɓarmu, a zamanin da soja suka ƙirƙiro jam'iyyu biyu suka ce kowa ya zaɓi wadda zai shiga. Yanzu furfura ta gama cinye gemuna, amma duk sanda ranar nan ta faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai, har a leƙo daga cikin gida a tambaye ni ko lafiya.

Bari in fara da yi wa yaran yanzu bayani, don su ba su san irin zaɓen ba. A lokacin babu akwati, babu dangwala yatsa a ɓoye. Ƙato bayan ƙato ake yi. Za a kawo hoton kowane ɗan takara a ɗaga shi a fili, kai kuma ka je ka tsaya a bayan hoton wanda kake so, da rana tsaka, maƙwabcinka na kallonka, surukinka na kallonka, mai gidan da kake haya na kallonka. Sai malamin zaɓe ya bi layi yana ƙirga kawuna da ƙarfi. Maza layinsu daban, mata nasu daban a gefe, a ƙarshe a haɗa.

Ni a lokacin ban fi shekara talatin da 'yan kai ba. Ma'auni ne ni a layin 'yan hatsi na kasuwar Muda Lawal, ina auna gero da dawa da masara a kwano. Gidanmu na Fadaman Mada, gidan gado ne. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, saboda haka ni ne maigida. Haka dai nake gani. A gidan akwai mahaifiyata, wadda muke kira Inna, da maiɗakina, da ƙannena mata biyu, da ƙanena da matarsa.

Kujerar da ake nema tana da tarihinta, kuma duk wanda ya saba zama kusa da dattawan layin hatsi ya haddace shi. In ji su, tun zaɓukan farko na lokacin samun mulkin kai, manyan gidajen cikin gari ne ke zama su ce wane za a tura, sai a tura shi Legas. Soja suka zo suka share komai. Bayan shekaru aka dawo da farar hula, aka sake tura wani daga irin waɗannan gidajen, bai yi nisa a zango na biyu ba soja suka sake kaɗo kowa gida. To ga shi an sake buga gangar siyasa, wannan karon ma a Abuja majalisar za ta zauna. A ganinmu babu wani abin tambaya. Kujera za ta koma inda ta saba zuwa.

Ɗan takararmu wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwar hatsi, ɗan asalin cikin gari, mutum mai faɗin fuska da fara'a. Daga sitonsa nake ɗaukar duk abin da nake aunawa, wato a taƙaice abincin gidanmu ta ƙofarsa yake biyowa. Ɗaya ɓangaren kuwa wani tsohon hedimastan furamare suka tsayar, siriri, mai tabarau, wanda iyayensa makiyaya ne da suka zauna a gefen gari. Kowa Malam yake ce masa. Yana da wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Mu dariya muke masa. Mukan ce ko an ba shi kujerar, motar ba za ta wuce Jos ba.

Yadda aka yi na shiga siyasar da ƙafa biyu, wata rana ce aka ce za a je kamfen Miri. Aka cika motoci, aka ɗaura lasifika a kan wata a-kori-kura, masu babura suka shiga gaba suna wasa da su kamar za su tashi sama. Damina ce, gonaki sun yi kore shar, manoma suna ɗagowa daga noma suna kallonmu da fartanya a kafaɗa. Muna dab da shiga garin sai muryar mai shelarmu ta dushe, ya buɗe baki babu abin da ke fita. Ya waiga, ni ne kusa da shi, kawai sai ya danƙa mini abin maganar.

Ban taɓa jin muryata ta fita daga bakin lasifika ba sai ran nan. Na ce, "Jama'ar Miri, assalamu alaikum!" Sai na ji ta tafi ta bugi tsauni ta dawo mini. Wayyo daɗi! Wani abu ya hau mini kai. Na fara zuba. Na yi wa Alhaji kirari, na yi wa kakansa, na yi alkawarin taki, na yi alkawarin titi, na yi alkawarin abubuwan da Alhaji da kansa bai san an yi ba. Duk inda na tsaya in ja numfashi sai ihu ya tashi, "Sai Alhaji!" Motar ta kafe a taɓo, aka sauka ana turawa, ni ko ina sama ban ma lura ta tsaya ba. Sai da aka ƙwace abin daga hannuna da kyar, don an kira sallar la'asar.

Da muka dawo Alhaji ya sa aka kira ni zaurensa, cike da mutane. Ya dube ni yana murmushi.

"Ashe kai haka kake, muna tare ba mu sani ba? To, rumfar zaɓen unguwarku kai ne wakilina. Kai za ka riƙe hotona."

Na durƙusa. Da na yi godiya na tashi, da shi ke nan. Amma lasifikar nan ba ta gama fita daga jikina ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗauka Fadaman Mada tana aljihunka. Gidanmu kaɗai, daga kan tsohuwa har matar ƙanena, duk naka ne. Mahaifiyata ce za ta fara tsayawa a bayanka, kuma in ta tsaya, babu macen da za ta kauce a unguwar nan."

Wannan na ƙarshen gaskiya na faɗa. Inna ce ungozomar unguwa. Rabin yaran Fadaman Mada a hannunta suka faɗo, babu suna, babu biki, babu sulhun da za a yi ba da ita ba. Zauren ya ɗauki tafi. Alhaji ya ce, "Madalla da ɗan albarka." Na fito ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Daga ran nan na zama wani mutum daban. Awo ma na bar wa ƙanena. Na yi sabon ɗinki, na koyi tafiya da hannu a baya. In na shigo unguwa sai in riƙa ɗaga wa mutane hannu, har da waɗanda ba su gaishe ni ba. Majalisa-majalisa nake bi, daga teburin mai shayi zuwa bakin masallaci zuwa rumfar masu faci, ina lissafa maza. Mata kuwa ban ɓata lokacina a kansu ba. Ai an gama da su, tunda Inna tawa ce.

Ana saura kwana biyu zaɓe, bayan la'asar, na tara matan gidanmu a tsakar gida don in koya musu. Har yanzu in na tuna sai in rufe fuska. Na ɗaga hoton Alhaji na tsaya kusa da rariya, na ce su taso su jeru a bayana mu gwada. Ƙannena suka taso suna tuntsira dariya. Maiɗakina ta taso da goyo, ta sa gefen mayafi a baki. Na gyara musu tsayuwa, na ce wannan ta matsa, waccan ta miƙe. Inna tana kan tabarma tana tsintar wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na ce, "Inna, ki duba hoton da kyau. Mai farar hula, mai faɗin fuska. Ranar Asabar inda kika gan ni, nan za ki tsaya. Ke ce ta farko."

Ta ɗago ta dubi hoton, ta dube ni, ta ce, "To."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni kuma na naɗe hotona na fita ina fito.

Ranar Asabar gari ya waye da sanyin ruwan da aka yi, sama ta washe. Tun da sassafe na isa filin makarantar furamaren unguwa cikin babbar riga fara sol, na kafa hula. An hana zirga-zirgar motoci, saboda haka kowa a ƙafa yake tahowa, unguwa kamar ranar idi. Aka fara tantance masu kati. Wanda ke riƙe da hoton Malam abokina ne tun na ƙuruciya, kafinta ne a bakin titinmu. Muka gaisa muna harare-harare.

Na ce masa, "In hannunka ya gaji ka jingina hoton da bango, ai ba wanda zai zo."

Ya ce, "Allah dai ya kai mu azahar."

Rana ta ɗaga, aka gama tantancewa. Malamin zaɓe, wani matashin ma'aikaci ɗaure da agogo a kan hannun riga, ya hura usur ya ce maza su jeru. Ai kuwa sai ga mutane suna ta kwararowa bayana. 'Yan kasuwa, dillalai, teloli, masu shayi. Layina ya miƙe har ya kai gindin bishiyar dogon yaro da ke ƙarshen fili ya lanƙwasa. Na kafinta kuwa bai kai rabin nawa ba, malaman makaranta ne da 'yan tsirarun ma'aikata da wasu Fulani da suka zo da sandunansu. Na riƙa ɗaga hoton sama ina juya shi, ina taka rawa a tsaye. Wani ya ɗauko waƙa a baya, muka amsa. Na leƙo na ce wa kafinta, "To, ga azahar ɗin ta kusa!"

Sai malamin zaɓe ya sake hura usur.

"Saura mata! Mata ku taso ku jeru!"

Matan suna zaune a barandar azuzuwa, jere, mayafai kala-kala, sun cika ta maƙil. Ban taɓa sanin akwai mata masu yawan haka a Fadaman Mada ba. Amma ko ɗaya ba ta motsa ba. Aka sake kira. Shiru. Duk sun juya suna kallon wuri ɗaya.

Can sai Inna ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta gyara lulluɓinta, ta sauko daga baranda a hankali, ta nufo inda nake.

Ni kuwa daɗi ya kusa kashe ni. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku ba ta hanya! Ku ba ta hanya, ga Inna nan! Kai, matsa mana, ba ka ga uwar unguwa ba?"

Da hannuna na riƙa ture mutane ina buɗa mata hanya. Ta iso gabana ta tsaya. Ta dubi hoton Alhaji. Ta dube ni daga hula har takalmi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

Ta ce, "Sannu da aiki, kai wannan."

Ta raɓa ta gefena ta wuce. Taku ɗaya, biyu, uku, har ta tsallake ɗan filin da ke tsakaninmu, ta je ta tsaya cak a bayan hoton Malam, ta harɗe hannuwa.

Na ɗauka idonta ne. Wallahi haka na ɗauka. Na ce tsufa ne, ta rikita hotunan. Kafin in yi wani tunani ƙafata ta riga ta ɗauke ni, na bi ta da gudu, babbar riga tana tashi, hoton Alhaji a sama.

"Inna! Inna, ba nan ba ne! Mai farar hula na ce! Wannan ai mai tabarau ne!"

Ta ce, "Idona ƙalau. Na ga tabarau ɗin."

"To ai kin yi kuskure!"

"Koma ka riƙe hotonka, mutane na jiranka."

Ina cikin wannan sai na ji guɗa ta tsage filin. Na waiga. Baranda ta taso gaba ɗaya. Maiɗakina ce a gaba, goyo a baya, kanta a sunkuye, ta wuce ta gabana kamar ba ta taɓa ganina ba, ta tsaya a bayan Inna. Sai ƙannena biyu, riƙe da hannun juna. Sai matar ƙanena. Sai matar liman. Sai mai ƙosan bakin titi. Sai mata kamar an ɓalle bakin dam, suna guɗa, suna tafi, suna dariya, 'yan kunne na walƙiya, wasu takalmi a hannu saboda taɓo. Suka kewaye ni ta ko'ina, na rasa hanyar fita. Ga ni tsundum a tsakiyar layin abokin hamayya, ɗauke da hoton ɗan takarata a sama kamar mai neman ceto.

Maza daga layinmu suka fara ihu. "Ina hoton? Ina ya kai hoton? A dawo mana da hotonmu!"

Malamin zaɓe ya matso yana ƙoƙarin haɗiye dariya, ya ce, "Malam wakili, tsaya in gane. Kai ma nan za a ƙirga ka, kai da Alhajin naka?"

Filin ya fashe. Har ɗan sandan da aka kawo tsaro sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Abokina kafinta dariya ta ci ƙarfinsa har ya durƙusa, wani ya karɓi hoton Malam ya riƙe masa. Da kyar na kutsa na fito, hulata ta karkace, gefen farar rigata ya sha taɓo, na koma gaban layina.

Da na koma sai na ga layin ba kamar yadda na bar shi ba. Ya daina lanƙwasa a gindin dogon yaro. Wasu da suka hangi iyayensu mata da matansu a can sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya yi kamar zai je shan ruwa, wancan kamar an kira shi. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, na gan shi da idona yana tafiya a karkace kamar kaguwa har ya shige layin Malam. Matan da suka tsaya mana ba su da yawa, dangin Alhaji ne da ke aure a unguwar da wasu ƙalilan da suka tsaya a kan ra'ayinsu, kuma har gobe ina ganin girmansu, don ran nan tsayawa a layinmu sai mai ƙarfin hali.

Aka fara ƙirga. Malamin zaɓe yana taɓa kafaɗa yana faɗa, jama'a na amsawa baki ɗaya. Namu aka gama da wuri. Da aka koma na Malam aka gama maza aka shiga mata, sai ƙirgar ta zama waƙa. Yana faɗa suna amsawa da tafi, yana faɗa suna amsawa da tafi. Lokacin da adadinsu ya wuce namu, layin matan ko rabi ba a ci ba. Guɗar da aka yi a wurin, na tabbata an ji ta har kasuwa.

Na sa hannu a takardar sakamako. A nan ne dariyar mutane ta daina shiga kunnena, tsoro ya maye gurbinta. Me zan gaya wa Alhaji? Mutumin da na yi wa alkawari a gaban jama'a. In ya rufe mini ƙofar sitonsa, me zan auna ranar Litinin, me za a ɗora a tukunya?

Na nufi gida da la'asar ina shirya faɗan da zan yi. Na tsara shi tsaf, daga farko har ƙarshe. Na yi sallama na tarar tsakar gidanmu cike da mata kamar ana suna, ana ta shewa, wata tana kwaikwayon yadda na yi gudu da hoto. Suna ganina aka yi tsit. Suka fara zamewa suna "sai an jima, Inna," har gida ya rage sai mu.

Na tsaya a kan Inna. Duk faɗan da na shirya ya gudu, abu ɗaya ya rage.

"Inna, ai kin ce mini to."

Ta ce, "Na ce to, na ji. Ban ce to, zan yi ba. Zauna."

Na zauna a bakin tabarma.

Ta ce, "Zaɓen farko da aka yi a garin nan ina da aure, ina da kai a baya. Mu mata ba a ma yarda mu je ba, ta katanga muke leƙen maza suna wucewa. Da aka dawo aka ce mata ma su fito, mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya nuna mini alama ya ce nan zan sa. Na sa. Ban san mutumin ba, har ya je ya dawo ban taɓa ganinsa ba. Yanzu kuma kai ka taso ka jera mu a bakin rariya kamar buhunan dawa."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Malamin nan sau uku yana zuwa zauren nan, kana can kana ihu a mota. Ya zauna a ƙasa, muna daga ciki, ya ce mu faɗa masa abin da ke damunmu. Muka ce ruwa. Muka ce asibitin haihuwa ya yi mana nisa. Ya rubuta. Bai ce zai iya duka ba, ya ce zai faɗa a inda ake ji. Kuma ka manta ranar da yarinyar nan, matarka, ta kwana biyu tana naƙuda, abin ya fi ƙarfina, kai kana kasuwar ƙauye sayen hatsi? Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, babu motar da ta yarda ta shigo lungun nan. Wace mota ce ta shigo?"

Na sunkuyar da kai. Na sani. An gaya mini a lokacin, har na je na yi masa godiya. Motar nan ce da muke yi wa dariya. Siyasa ce ta goge mini abin daga kai sarai.

Ta ce, "Lokacin ba ya neman komai a wurin kowa. Ni ban ce Alhajinka mugu ba ne. Amma kai, tunda aka fara abin nan, ka taɓa tambayata wa nake so?"

Ban taɓa ba. Ko sau ɗaya.

Na tashi na shiga ɗaki. Maiɗakina tana tsaye a jikin gado, ta ajiye kwanon tuwo a ƙasa. Sai a lokacin na lura ta ƙi yarda mu haɗa ido. Ashe ita tun safe cikin fargaba take, ta ɗauka ran nan zan ce ta tafi gidansu. Duk da haka ta wuce ta gabana ta tsaya inda ta tsaya.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Maigida, in faɗa za ka yi, ka ci abinci tukuna."

Na dube ta, na dubi taɓon da ke jikin rigata, sai hoton kaina ya zo mini, ina gudu a fili ina "mai farar hula na ce!" Dariya ta kuɓuce mini. Na yi ta yi har na zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Ita ma ta fara, tana toshe baki. Daga tsakar gida muka ji ƙannena sun ɗauka. Har Inna sai da na jiyo tata.

Washegari rediyo ta faɗi sakamakon mazaɓa gaba ɗaya. Malam ne ya ci. Na sa tsohuwar rigata na tafi gidan Alhaji kamar mai zuwa gaban alƙali. Na tarar da zaure cike da wakilai irina, kowa ya sunkuyar da kai. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Na wata unguwa ya ce matansa ne suka yi masa haka, na Miri ya ce shi gwaggonsa ce ta ja zuga. Amma babu wanda ya bi layin hamayya da hoto sai ni, kuma labarin ya riga ni isowa.

Alhaji ya fito. Ya rame a kwana ɗaya, idonsa ja. Ya bi mu da kallo har ya iso kaina.

"A'a, mai Fadaman Mada a aljihu. An ce har ni ka ɗauka ka kai wa Malam?"

Na durƙusa na fara, "Ranka ya daɗe, wallahi tsohuwa ce..."

Ya ce, "Tashi, tashi. Ni a rumfar ƙofar gidan nan, yayata da ta goya ni, a layin Malam ta tsaya. Ta aiko mini da fura da yamma, wai in sha in huce." Ya girgiza kai, murmushi ya ƙwace masa. "Mun yi ta ƙirga huluna, mun manta da ɗankwali. Ku je ku ci gaba da harkokinku. Kai kuma gobe ka zo ka ɗauki hatsinka. Ka gaishe mini da Inna."

Ran nan da yamma ya shiga mota ya je har gida ya yi wa Malam murna. Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Ni ko na fito daga zauren nan da sauƙin jiki kamar an sauke mini buhu, na biya ta wurin kafinta, muka zauna ya sake ba ni labarin kaina daga farko, muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle.

Malam ya tafi Abuja, kuma motar ta kai shi. Sai dai bai daɗe ba. Shekara ɗaya da 'yan watanni soja suka rushe majalisar, ya dawo gida ya ci gaba da zama a ƙofar gidansa yana karanta jarida. Ruwan da ya rubuta bai iso lungunmu ba sai bayan shekaru, a hannun wasu. Na taɓa tsokanar Inna da haka, ta ce ita ba ta yi nadama ba ko kaɗan, ai ya faɗa a inda ake ji, ba a ba shi lokaci ba ne. Da aka sake dawowa mulkin farar hula, kujerar ta yi ta yawo, yau wannan gida gobe wancan, yau wannan jam'iyya gobe waccan, ba ta ƙara zama gadon kowa ba. Ƙato bayan ƙato ma aka daina, aka koma akwati.

Zaɓen ƙarshe da Inna ta yi a duniya, ƙafa ta riga ta ƙi, ni na goya ta a babur na kai ta. Na riƙe ta har bakin wurin dangwalawa, na ja baya na juya kaina. Ta daɗe a ciki. Ta fito tana goge yatsa a gefen zane, muka hau muka dawo gida muna hirar tsadar gero. Ban tambaye ta ba, ba ta faɗa mini ba, kuma har ta rasu ban san wanda ta zaɓa ba.

Abin da ranar nan ta koya mini ya wuce siyasa. Zama gida ɗaya da mutum, ko ciyar da shi, ko jin ya yi shiru in kana magana, ba ya nufin ka san abin da ke ransa, balle ka yi alkawari da shi a gaban mutane. Uwar da ta haife ka ma tana da nata ra'ayin, matarka tana da nata, kuma sun daɗe da shi, kai ne ba ka nema ba. In kana son sanin inda mutum zai tsaya, ka zauna a gabansa ka tambaye shi, ka kuma yi haƙuri ka saurari amsar.